Daga Zauren Malam: Cinikin Biri A Sama A Filin Ƙwallon Lambu Na Dubai

 Zancenmu na wannan wata a kan wani wasa ne wanda yawancinmu ba mu taɓa riƙe sandarsa ba, amma ga shi ya soma cin dukiyar waɗansu daga cikinmu. Wasan kuwa shi ne wanda Turawa ke kira golf, masu karanta labaru a rediyo su ce ƙwallon lambu. Wani zai ce, ina ruwan malamin allo da wasan attajirai? Ruwansa ya zo ne da ya ke an kai ƙarar wani ɗan'uwa gaban Sarkin Zongo a kan kuɗin saƙo, aka bi sawun kuɗin nan har aka tarar a filin wasa suka ƙare a Dubai. Tun da kusan kowane gida a zongon nan yana da mai zuwa saro can, ko mai ba da saƙo, mun ga ya kamata mu baje maganar a faifai, kowa ya ɗauki rabonsa.

Mu fara da inda mutanenmu ke sauka. Wani hannun teku ya ratsa tsohon garin Dubai ya raba shi biyu, Larabawa na kiransa Khor. Hayi guda Dera ne, ɗaya hayin kuma Bur Dubai, a nan unguwar Karama ta ke. Benayenta gajeru ne, cike da Indiyawa da mutanen Fakistan da na Filifin, masu neman abinci irinmu. Kasuwarta ta yi suna wajen jakunkuna da agoguna da takalma, na ainihi da na kwaikwayo, kuma kasuwa ce ta ciniki, a taya, a yi albarka, a sake tayawa, har a sallama. A nan za ka ga alhaji ya kwashe rabin sa'a yana jayayya da mai kanti a kan dirhami 5. Ya jujjuya jaka, ya ja zif, ya shinshina fata, ya duba ɗinki ciki da waje, sa'an nan ya fita ya sha shayi na dirhami 1 ko 2 a bakin titi. Ba mu ga laifinsa ba ko kaɗan. Haka iyayenmu suka yi a Salaga da Kumasi, ba su taɓa biyan kuɗin huhun goro ba sai an kwance an ga abin da ke ƙasa. Abin mamaki shi ne, mutumin nan da kansa ya kan shiga mota tafiyar minti 20 ko 30, ya isa ƙofar filin wasa, ya zaro fiye da dirhami 1,000 ya miƙa, bai taya ba, bai tambayi kome ba.

Don waɗanda ba su san wasan ba, ga yadda ya ke. Fili ne mai faɗi ƙwarai, an raba shi kashi 18, a ƙarshen kowane kashi akwai rami wanda faɗin bakinsa inci 4 da rubu'i ne kawai. Mai wasa ya kan bugi 'yar ƙwallo fara da sanda tun daga nesa, ya bi ta, ya sake bugu, har ta faɗa ramin. Wanda ya gama ramuka 18 da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanduna har 14, kowace da aikinta. A manyan filaye an ƙayyade gwani zai gama da bugu 72 ko kusa da haka. Tsawon ramukan duka ya kan haura yadi 7,000, watau wajen mil 4, kuma da gangan a ke haƙa tafkuna da kwazazzaban rairayi a hanya don su kama ƙwallon wanda hannunsa bai daidaita ba. Mutum 4 su kan yi sa'a 4 ko fiye kafin su gama.

Asalin wasan daga ƙasar Sikotilan ne. Tun a 1457 majalisar Sarki Jemis na 2 ta hana shi, don ya shagaltar da samari ga barin koyon harbin baka. A garin Sant Andurus ne aka mai da ramuka 18 a 1764, sauran duniya kuma ta bi. Turawan mulki suka kawo shi ƙasashenmu, shi ya sa a ke da fili a Kano da Kaduna da Jos, da na Acimota a Ankara, da na Kumasi. Da yawa daga cikinmu mun wuce ta gefensu shekara da shekaru ba mu leƙa ba.

A Dubai ma da rairayi aka fara. Kulob ɗin da a ke kira Dubai Country Club, wanda aka kafa a 1971, babu ciyawa a filinsa. A wancan zamani a kan cuɗa rairayi da mai a daɓe kewayen rami, kowane mai wasa kuma yana yawo da ɗan guntun tabarmar ciyawar roba, ya ɗora ƙwallo a kai ya buga. Haka kewayen ramuka ya ke a filayen Arewa a da. Sai a 1988 aka buɗe Emirates Golf Club bisa umurnin Shehu Muhammadu ɗan Rashid, wanda ya zama mai mulkin Dubai a 2006. Shi ne fili na farko mai ciyawa sosai a Dubai, an gina zaurukansa da siffar tantunan Larabawan daji, yana wajen mil 15 daga Karama. A 1989 aka soma babbar gasar nan ta shekara shekara a kansa. A 1993 kuma aka buɗe Dubai Creek Golf and Yacht Club a hayin Dera, ana ƙetare gada daga Karama an isa. Daga baya filaye suka yi ta ƙaruwa.

Me ya kawo tsadar? Ruwa ne. Ruwan saman da Dubai ke samu a shekara wajen milimita 100 ne, alhali Kumasi ta kan sami wajen 1,400. Da bazara zafi ya kan wuce awo 40 kwana da kwanaki. Ruwan shan garin daga teku a ke tace shi a Jabal Ali, a cire gishiri da injuna masu cin wuta. Filayen wasa kuwa yawancinsu da ruwan da aka yi amfani da shi a gidaje aka sake tacewa a ke shayar da su, ta bututun da aka binne ƙarƙashin ƙasa. Ciyawar da a ke shukawa a filaye da yawa dangin kirikirin nan ce da mu ke nomewa a gonakinmu mu zubar. Can ita ce 'yar gata, ma'aikata na aske ta kullum tun da asuba. Wanda ya biya kuɗin shiga, ladan ruwa da wuta da lebura ya biya. Da sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da baƙi ke kwararowa daga Turai, kuɗin zagaye guda a manyan filaye ya kan haura dirhami 1,000. Da zafi kuɗin ya kan faɗi ƙwarai, don ba kowa ke iya tsayawa a rana ba.

Akwai kuma abin da baƙo ba ya sani. Ciyawa tana da lokutan gyara. Da zafi a kan huhhuda ƙasar kewayen rami a zuba rairayi don saiwa ta sha iska, ƙwallo kuwa ba ta gangarawa daidai sai ciyawar ta warke. Kirikiri kuma ba ya son sanyi, don haka waɗansu filaye kan watsa irin wata ciyawa a kansa wajen Oktoba ko Nuwamba, su yi ta ba ta ruwa. A kwanakin nan ƙasa ta kan jiƙe, a hana 'yan motocin nan masu batir sauka daga hanyarsu. Wanda ya zo cikin irin waɗannan kwanaki ya biya kuɗin doki ne aka ba shi mai ɗingishi.

To, ga abin da ya sami ɗan'uwan nan namu, yadda shi da ɗan jagoransa suka faɗa a gaban dattawa. Mun sakaya sunansa da na filin. Mai saron jakunkuna da takalma ne, ya sauka a Karama cikin watan Nuwamba. Wani yaro ɗan zongon nan da ke aiki can, wanda ke yi masa tafinta, ya ce masa, "Alhaji, manyan 'yan kasuwa ba a kanti su ke ƙulla ciniki ba, a filin wasa su ke yi. In kuka gayyaci mai ba ku kaya, ba shakka zai sassauta muku." Alhaji ya ji maganar ta shige shi. Ya biya wa kansa da baƙonsa dirhami 1,200 kowanne. Da suka isa aka ce ba a shiga da kaftani, sai riga mai kwala da takalmin wasa, nan ma 400. Hayar sanduna na mutum biyu 500. Ƙwallaye 200. Jimla dirhami 3,500, in an lissafa bisa dirhami 3.67 ga dala guda, dala 950 ke nan da ɗoriya.

Aka ba su ƙarfe 2 na rana su fara. Rana kuwa a Dubai cikin Nuwamba wajen ƙarfe 5 da rabi ta ke faɗuwa, kowa ya yi lissafi ya ga sa'a 4 ba za su samu ba. Suka tarar an watsa sabon iri, ƙasa sharkaf, ba dama mota ta sauka, sai a bar ta a hanya a taka da ƙafa. Waɗanda ke gabansu ba sa sauri, waɗanda ke bayansu na ƙorafi, mai tsaron fili kuma ya zo sau biyu yana cewa su hanzarta. Alhaji bai taɓa riƙe sandar nan ba sai ran nan. Ya kai bugu ya sami iska, ya sake ya tono ƙasa, na uku ƙwallo ta tashi ta faɗa tafki. Kafin rami na 9 ƙwallayen da ya saya sun ƙare. La'asar ta kusa kuɓuce masa, sai a gefen hanya ya yi ta a gurguje. A rami na 13 duhu ya rufa, aka ce su komo. Baƙon ya yi godiya da fara'a, ya ce an sha iska. Kashegari da aka zauna ciniki ko fils guda bai rage ba.

Da aka zo gaban dattawa, Alhaji ya ce an zambace shi, masu fili sun karɓi kuɗin ramuka 18 sun ba shi 13, sun karɓi kuɗin ciyawa sun ba shi taɓo. Ya ce yaron nan kuma shi ya kai shi ya baro. Yaron ya durƙusa ya ce, "Ranku ya daɗe, Alhaji ne ya ce a nemo masa fili mafi tsada, kada baƙo ya raina shi." Mu kuwa da aka tambaye mu, muka ce laifin nan kashi uku ne, kuma kashin ba daidai su ke ba.

Na farko na masu fili. Littattafan fiƙihu da mu ke karantarwa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun hana mai sayarwa ɓoye aibin kayansa, kuma sun ba mai saye zaɓin mayarwa in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Da a ce masu fili sun yi shiru, da Alhaji na da hujja mai ƙarfi. Amma da aka buɗe saƙon da suka aiko a wayar yaron, sai ga shi sun rubuta da Turanci can ƙasa cewa ana gyaran ciyawa, kuma wanda ya fara bayan azahar ba a lamunce masa gama ramuka 18 ba. Sun faɗa ke nan, ko da ya ke faɗar ta mai rowa ce. Mai kantin kirki ya kan nuna maka yagewar da ke jikin zane da yatsa, ba ya jira sai ka gano da kanka. Kuma wanda ya san kayansa sun ragu, adalci ya rage kuɗin. Wannan shi ne iyakar abin da za mu ɗora musu.

Na biyu na yaron. Alhaji yana karanta ajami da Larabci tsaf, boko ne bai yi ba. Yaron ya karanta saƙon nan, ya gane, ya yi shiru, don yana ɗokin ya shiga wurin da ya daɗe yana hange daga tagar jirgin ƙasa. A al'adar zongo, baƙo ya kan sauka gidan maigida, maigida ya nemo masa dillali, dillali ya zama idonsa da kunnensa a kasuwa. Dillalin da ya ga aibi a saniya ya rufe baki, ba a sake ba shi la'ada a kara. Yaranmu da ke Karama da Dera su sani wannan kujera ce suka hau, ko sun karɓi lada ko ba su karɓa ba. Wanda ya karanta wa dattijo takarda ya tsallake layi ya ci amana.

Na uku, mafi girma, na Alhaji ne, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ya yi ta fushi da yaro, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Amma kuɗi a aljihunsa su ke, da hannunsa ya zaro. Abin da ya yi zaton zai saya ba ya cikin abin da a ke sayarwa a ƙofar fili. Iyakar abin da kuɗin shiga ke ba mutum shi ne izinin taka ciyawa sa'a 4. Iya bugu kuwa sai da shekaru. Mu da ke koya wa yara allo mun san yaron da ubansa ya sayo masa allo na itace mai tsada da tawada mai kyau, ranar farko bai fi ɗan talaka iya rubuta ba'u ba. Ko gwanayen duniya filin nan ba ya jin kunyarsu. Ernie Els, mutumin Afirka ta Kudu, ya gama babban filin Emirates da bugu 61 a 1994, aka yi ta mamaki. Amma a filin nan dai, a 2001, Tiger Woods, wanda ba shi da na biyu a zamaninsa, ya zo ramin ƙarshe yana kunnen doki da wani mutumin Denmak, ya jefa ƙwallonsa ruwa, gasa ta kuɓuce masa. Sai a 2006 da 2008 ya ci ta. In tafki ya haɗiye ƙwallon wannan, ina ga wanda ya ari sanda yau?

Maganar cewa a filin wasa a ke ƙulla ciniki kuwa, akwai gaskiya a ciki, amma tsakanin waɗanda suka iya. Sa'a 4 tare ta kan nuna halin mutum, ko mai haƙuri ne, ko yana rage lissafin bugunsa in ba a kallo. Wanda bai iya ba, abin da zai nuna wa baƙonsa guda ne, watau yana da kuɗin ɓarnatarwa. Wane mai kaya ne zai rage wa wanda ya ga yana watsa dirhami 3,500 a yini guda? Zanen aro ba ya rufe katara. Girman Bahaushe a kasuwannin Dubai daga abin da aka san shi da shi ya ke: ya ce zai biya ran kaza ya biya, ya dawo bana, ya dawo baɗi. Da Alhaji ya kai baƙon nan gidan abinci a Karama suka ci shinkafa da nama na dirhami 100, da ya fi samun kunnensa.

Sai abin da ya fi duka nauyi. Cikin kuɗin nan akwai na mata uku na zongon nan, ɗaya mijinta ya rasu, da adashi ta tara nata. Sun ba shi ya saro musu jakunkuna, ya ce a ransa zai cike daga rangwamen da zai samu. Rangwame bai samu ba, kaya suka zo ba su cika ba. Dattawa suka yanke ya biya su daga dukiyarsa kafin wata ya mutu, ya kuwa biya, Allah ya saka masa. Amma kuɗi kaɗai aka mayar. Fatauci a zongo tun kaka da kakanni bisa amana ya ke tafiya, babu takarda, babu sa hannu, mace ta ƙulle kuɗinta a bakin zane ta miƙa. Ranar da mata suka fara tambayar juna wa za a ba saƙo, wa ba za a ba ba, ranar kasuwar kowa ta ragu, har da waɗanda ba su taɓa ganin filin wasa ba.

Kada a ce mun haramta wasa. Motsa jiki abu ne mai kyau, wanda Allah ya hore masa ya yi da halalinsa, ba da caca ba, ba mu da ta cewa. Shawararmu ga mai sha'awa ita ce ya bi ka'idar kasuwa. Ya fara koyo a gida, a Acimota ko Kumasi ko Kano, inda kuɗin bai kai haka ba. In a Dubai ne, filaye suna da wurin gwaji inda a ke sayen kwandon ƙwallaye da kuɗi kaɗan a yi ta bugu, da ƙananan filaye na ramuka 9. Kafin ya biya ya sa a tambaya masa abu uku: ana gyaran ciyawa? Mene ne kuɗin nan ya ƙunsa, da mota da sanduna ko babu? In duhu ya yi ba a gama ba, me za a mayar? Ya sa a karanta masa saƙo tun daga sama har ƙasa. Ya zaɓi safiya, ya gama kafin azahar, salla ba ta shiga tsakani ba. Ya biya daga riba, bayan an auna kaya an ɗora, kada ya taɓa uwar kuɗi. Kuɗin saƙo kuwa ya ware su a jaka dabam tun daga gida, ya ɗauka ba nasa ba ne ko da bashi.

Muna kuma roƙon shugabannin ƙungiya abu biyu. A sa littafi a hannun magatakarda, duk mai tafiya saro ya rubuta saƙon da ya karɓa, da ajami ko da boko, a gaban shaidu biyu, kamar yadda a ke rubuta kuɗin adashi. Sa'an nan a rubuta wa 'yan'uwanmu mazauna Karama su zaɓi dattijo guda a cikinsu wanda baƙo zai yi shawara da shi kafin ya kashe kuɗi mai yawa a abin da bai sani ba. Za a kawo maganar nan a taron wata mai zuwa, muna fata masu saro da masu ba da saƙo, maza da mata, za su halarta su faɗi ra'ayinsu.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kai matafiya lafiya ya komo da su lafiya. Haza wasalam.